Masu Tashe da Mahaya Sun Fi Ƙarfin Hoton "Ku Matso Ku Jeru"

Daga daren goma ga watan azumi har zuwa kwanakin farko na bayan Sallah, da wuya a sami wani wuri a ƙasar Hausa da ake yin shiga iri-iri kamar ɗan tsakanin nan da ya tashi daga Shahuci, ya bi ta Babban Masallaci, ya dire a Ƙofar Kudu. A goman tsakiya na azumi dare na yara ne: wannan ya liƙa gemun auduga ya dogara sanda wai shi tsoho, wancan ya rataya saiwoyi da ƙulle-ƙulle wai shi Jatau mai magani, can kuma 'yan mata sun sa wa ɗayarsu riga da hula ta zama Daudu. Da Sallah ta zo sai manya su karɓa, ga 'yan lifidi da 'yan sulke, ga 'yan kwalkwali da gashin jimina yana rangaji a kansu, ga dogarai cikin ja da kore. Duk inda suka gifta za ka ga wayoyi a sama kamar an yi shuka. Amma in an natsa aka duba hotunan, yawancinsu abu ɗaya ne: an tsai da mutane kafaɗa da kafaɗa a jikin bango, turken lantarki ya tsiro daga rawanin wani, adaidaita sahu ta leƙo ta bayan wani, kowa ya ƙame kamar mai jiran a kira sunansa a aji. Kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ra'ayina shi ne laifin ba na kyamara ba ne, na mai riƙe da ita ne, kuma babban abin da ya rasa shi ne sanin wane ne wane a cikin mutanen da ke gabansa.

Abin da ya raba hoton masu shiga da hoton 'yan biki ke nan. A hoton biki fuska ake nema, don a ce wance ta zo, wane ma an gan shi. Mai shiga kuwa ya ajiye kansa a gida ya ɗauko wani ya sa, kuma wanda ya ɗauko ɗin ba ya tsayawa shi kaɗai, yana da dangantaka da sauran. Gwauron tashe ba komai ba ne in babu igiyar da aka ɗaura masa da mai jan ta da masu yi masa ba'a. Daudu sai da matarsa Mairama. Zagi ma'anarsa tana gaban dokin ubangidansa, mai laima a gefensa, mai kakaki a inda bakin kakakin zai sami sarari. Duk lokacin da mai hoto ya ce su jeru, ya tsinke waɗannan igiyoyi ke nan, ya mai da wasa ko sarauta tarin tufafi a jikin mutane. Matasan Japan da Amurka masu yin shigar taurarin fim da na littattafan zane, waɗanda har taron duniya ake shirya musu a birnin Nagoya tun 2003, kuma Legas ma ta fara nata taron tun 2012, sun daɗe da gane haka. In za su yi hoton rukuni sukan zaɓi mutanen labari guda, jarumi a inda jarumi ke tsayawa, abokin gaba yana harararsa daga gefe, ta yadda wanda ya san labarin zai karanta shi a hoton ba tare da an ce masa komai ba. Mu da muke da tashe tun kafin a san da fim bai kamata a ce sai mun je Nagoya mun koyo wannan ba.

Fadar Kano ma ta riga ta yi wa mai hoto rabin aikinsa. Hawa ba turereniya ba ne, tsari ne da aka gada, kowane hakimi da jama'arsa, kowane bawan sarki da gurbinsa, kuma tufafin kansu suna magana. Rawani mai kunne biyu yana faɗin gidan da mai shi ya fito, alkyabba tana faɗin matsayi, kayan doki tun daga jalala har likkafa suna faɗin ƙarfin mahayi. Mai hoton da ya san wannan ba ya buƙatar wani littafin Turawa ya gaya masa wa zai sa a tsakiya. Ya san mai sarauta ne cibiya, ko da ba a tsakiyar hoton ya tsaya ba, kuma ya san sauran su kewaye shi yadda suke kewaye shi a zahiri, wasu a kan doki, wasu a ƙasa, wani a durƙushe yana gyara linzami. Da zarar an yi haka kawuna sun daina zama a layi ɗaya, wasu sun yi sama wasu sun yi ƙasa, ido ya sami hanyar da zai bi daga zagi zuwa mahayi zuwa laima. Wannan hawa da sauka na kawuna shi ne abin da malaman hoto ke ta nanatawa da sunan tsarin dala ko kusurwa uku, kuma mai zanen nan na Holan, Rembrandt, da shi ya yi amfani a zanen dakarun tsaron Amsterdam da ya kammala a 1642, ya ƙi jera su kamar yadda aka saba, ya zana su suna shirin tafiya, wannan na ɗura bindiga, wancan na kaɗa ganga. Abin da ya ƙirƙira da buroshi mu muna da shi a raye a Ƙofar Kudu, sai dai mu rushe shi da hannunmu don a ga fuskar kowa.

To, sai maganar haske, wanda shi ne ya fi kayar da masu hotonmu. Kano tana kusan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya, saboda haka daga hantsi ya ɗaga har azahar rana a tsakar ka take, kuma babu abin da ta tsana kamar mai rawani. Rawanin ya yi wa fuska rumfa, amawali ya rufe haɓa, ɗan abin da ya rage na ido da hanci ya faɗa cikin duhu, ita kuwa farar shadda ta ƙone fat har a kasa ganin aikin aska takwas da wani ya yi watanni yana ɗinkawa. Kyamara, ta waya ce ko babba, tana auna hasken ne ta raba tsakani, kuma in fari ya yi yawa a gabanta sai ta rage, baƙar fata ta ƙara nutsewa. Maganin ba tsada gare shi ba. A ja mutane zuwa inuwar bango ko bakin zaure inda haske ke shigowa ta gefe guda, a sa yaro ya riƙe farin mayafi ko farin kwali daga ƙasa ya mayar da haske fuska, a taɓa fuskar mutum a gilashin waya don ta auna daga nan, sannan a ɗan rage kaɗan don kada rigar ta tafi. Rawanin ɗan Kura da baƙar kore masu ƙyallin shuni su ma sai haske ya zo musu ta gefe suke nuna sheƙinsu, in an haska su ta gaba sai su zama baƙin ƙyalle kawai. Shi ya sa Hawan Daushe, da ake yi bayan la'asar, ya fi Hawan Nassarawa na safe zuwa rana daɗin ɗauka: Ƙofar Kudu kudu take kallo, ranar yamma kuwa daga gefe take zuwa mata, ga ƙurar kofato ta tashi ta tace hasken. Kada kuma a manta Sallah tana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara. Wanda ya saba da Sallar damina mai gajimare, in ta dawo bazara sai ya sake lissafi, in ta kai hunturu kuma hazo zai yi masa aikin da masu situdiyo ke sayen farar lema don su samu.

Tashe ya fi wuya, don da dare ake yin sa, kuma a nan ne filasha ke yin ɓarna. Hasken da ya fito daga jikin kyamara ya daki fuska kai tsaye yana shafe komai: gemun auduga ya zama farin tabo, ido ya yi ja, bayan yaran ya zama rami baƙi ƙirin, a rasa a Shahuci aka ɗauka ko a cikin rijiya. Alhali lungunan cikin gari da azumi ba su rasa haske. Ga ƙwan mai shayi, ga na mai tsire, ga fitilar caji a kowane gida. A tsai da yaran inda ɗaya daga cikin waɗannan zai same su ta gefe, ko wani ya riƙe fitilar taku biyu daga hannun daman mai hoto, a ɗan sama da kai. Mai ɗauka ya jingina gwiwar hannunsa da bango don kada hoton ya girgiza, ya kuma durƙusa. Wannan durƙuson ba ƙaramin abu ba ne. Babba in ya tsaya a tsaye ya ɗauki yara, ya mai da su 'yan ƙanana masu manyan kawuna, ga ƙasa da ledojin ruwa sun cika hoton. In ya sauko daidai idonsu sai tsohon wasa ya zama tsoho da gaske, sandarsa ta yi tsawo, bangon unguwa ya hau bayansa.

Akwai wasu kura-kurai da wayar kanta ke jawowa, kuma ana iya kauce musu cikin minti ɗaya. Idon waya mai faɗi ne, yana buɗa na gefe yana kumbura na kusa, shi ya sa doki kan fito da ƙaton kai da 'yan ƙafafu, na ƙarshen layi kuma ya fito kamar an ja shi. A ja da baya taku biyar ko shida a jawo hoton ninki biyu, sai kowa ya koma siffarsa. Tsarin nan mai dusashe bayan mutum, wanda matasa ke so ƙwarai, na mutum ɗaya ne. A rukuni yakan dusashe sahun baya, ya gutsure gashin jimina da tsinin mashi don bai gane su ba. Mai babbar kyamara ya tsuke ƙofar haske zuwa wajen lamba 8 in sahu ya kai biyu ko uku, in kuma jafi zai ɗauka, dawakai a guje, ya kai saurin ƙiftawar kyamara kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Sannan a danna sau da yawa, don a cikin mutum goma da wuya a rasa mai ƙifta ido.

Za a ce, kuma da gaskiyar mai faɗa, hawa ba ya jiran mai hoto. Wa zai tsai da tawagar hakimi a tsakiyar titi ya ce a gyara tsayuwa? Babu. Amma hakan bai rushe maganar ba, ya dai sauya wanda za a tsara. In ba ka iya jera mahaya, ka jera kanka: ka san hanyar da za su bi, ka riga su zuwa, ka zaɓi inda bayansu zai zama bangon Gidan Makama ko ƙofar Gidan Rumfa maimakon allon ɗan takara, ka tsaya ka jira su shigo cikin hoton da ka riga ka gina. Masu hoton Kano da suka daɗe a wannan fage, irin su Sani Maikatanga, ba sa'a ce ke ba su abin da suke samu ba, sanin hanya ne da sanin lokaci. Ban da haka ma, hoton rukuni mafi kyau ba a titi yake ba. Yana ƙofar gidan hakimi awa ɗaya kafin a hau, lokacin da ake naɗa rawani, ana ɗaura sirdi, ana sa wa doki lifidi, kayan ba su yi ƙura ba, mutane ba su gaji ba, kuma akwai damar a ce wa zagi ya ɗan matso. Wannan sa'ar kusan kullum a banza take wucewa, don masu hoto duk sun tafi kama wuri a Ƙofar Kudu su ɗauko abin da mutum ɗari za su ɗauko.

Wani kuma zai ce ai tsara mutane ƙarya ce, hoton gaskiya shi ne wanda aka ɗauka ba a shirya ba. Wannan magana tana da daɗin ji amma tarihin hoto a Afirka ta Yamma bai goyi bayanta ba. Seydou Keïta, wanda ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa a Bamako a 1948, a tsakar gida yake aiki da hasken rana, ya rataya zane a baya, ya gyara wa mace zaman ɗankwalinta, ya nuna mata inda za ta ajiye hannu, kuma yau hotunansa ne shaidar da duniya ke dubawa in tana son sanin yadda mutanen Bamako suka yi ado a wancan zamani. Malick Sidibé, wanda aka ba lambar Zinaren Zaki a Venis a 2007, rukunin samari da 'yan mata ya yi ta ɗauka, wasu a wurin rawa wasu a shagonsa, kuma ba wanda ya ce na shagon ƙarya ne. Jerin "ku kalli nan" ɗin ma ai tsari ne, malalacin tsari kawai. Inda ƙarya take shi ne a cusa abin da babu shi. A Ranar Hausa ta 26 ga Agusta da ranakun al'ada na makarantu ana ganin wannan da yawa: a ɗora wa yaro rawani mai kunne biyu a ba shi garkuwar ɗan tauri, a haɗa kayan Fulani da na dogari a jikin mutum ɗaya don launin ya yi kyau. Haka nan masu gyaran hoto da ke wanke fatar mutane har Bakano ya koma Balarabe, su ƙara wa ja da kore wuta har rigar dogari ta zama kamar ledar alewa. Wannan shi ne ha'inci, kuma jahilcin kayan ne ke haifar da shi, abin da muka faro da shi ke nan.

Akwai masu ƙyamar hoto gaba ɗaya saboda addini. Malamai sun yi saɓani a kan hoton kyamara, kuma wanda ya zaɓi ya nisance shi ba a ja da shi, haƙƙinsa ne a sauke waya in ya ce kada a ɗauke shi. Maganata da waɗanda suka riga suka ɗaga wayar ce. Su ma akwai iyakar da ƙwarewa ba ta ba su izinin tsallakewa. Masu tashe yawanci yara ne, da yawansu mata, kuma ɗaukar su daban, watsa su a Facebook da TikTok daban. A nemi yardar iyaye. Tashen gwauro kuwa wasa ne da unguwa ta san iyakarsa, amma in aka ɗauki fuskar wani bawan Allah da aka je yi wa tashe a ƙofar gidansa aka saka duniya ta gani, an fitar da wasan daga inda yake da ma'ana an mai da shi tozarci.

Mai karatu na iya tambaya, duk wannan dogon bayani a kan hoton wasan yara da na dawaki? Dalilin shi ne abubuwan nan biyu ba su da tabbacin da muke zato. A 2020 annobar korona ta hana hawa. A Babbar Sallar 2024 da Ƙaramar Sallar 2025 'yan sanda sun hana shi bisa dalilan tsaro da suka biyo bayan dambarwar sarautar Kano. Tashe ma an sha dakatar da shi a 'yan shekarun nan saboda ɓata-garin da ke fakewa da shi su yi ƙwace da faɗan daba. A tsakiyar wannan ne, a Disambar 2024, hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun da ɗan Adam ya gada. Wato duniya ta waiwayo daidai lokacin da abin ke yin shekara ana yi, shekara ba a yi. Yaron da aka haifa a Shahuci a 'yan shekarun nan zai iya girma bai ga Nalako, jagoran tashen gwauro, da gwagwarensa ba sai a hoto, kuma in hoton jerin kawuna ne a gindin turken lantarki, ba zai san mai jan igiya da wanda ake ja ba. Hotunan hawan da aka yi wa Yariman Wales a Kano a 1925 da na Sarauniya Elizabeth a Kaduna a 1956 baƙi ne suka ɗauki mafi yawansu, da idon baƙo, kuma sau da yawa ba a rubuta sunan mahayi ko ɗaya ba. Yanzu da kyamara ke aljihun kowa ba mu da wanda za mu ɗora wa laifi.

Saboda haka rubutun da ke bin hoto ma wani ɓangare ne na aikin. A rubuta ranar, da unguwar, da sunan wasan ko tawagar hakimin da aka ɗauka, a ajiye asalin hoton a wani wuri, don wanda ya bi ta WhatsApp sau uku ya riga ya zama dusa. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da gidan tarihi na Gidan Makama su ne suka fi cancanta su buɗe ma'ajiyar da masu hoto za su riƙa kai irin waɗannan, su kuma haɗa matasan masu hoto da dattawan fada na yini ɗaya kafin azumi, a baje musu kayan hawa a gaya musu sunan kowanne da mai sa shi. Kai kuma mai waya, in azumi ya kai goma yara suka yi sallama a ƙofar gidanku, kafin ka ce su jeru, tambayi kowannensu shi wane ne a wasan, ka bar su su fara, sannan ka durƙusa ka ɗauka.